Abin da Ya Karce Motar Malam Isa

Duk garin nan an gama yanke hukunci: wai rashin ɗauraya ne ya karce motar Malam Isa. An faɗa a majalisa, an faɗa a wurin niƙa, har matan da rabonsu da shiga mota tun ranar kai amarya sun ce dama sun hango. Ba haka ba ne. Ruwa bai yi laifi ba, ƙarancinsa ma bai yi ba. Abin da na riƙe a hannuna shi ya yi ɓarnar. Ina rubuta wannan ne saboda ku da na ga kun fara tsayawa a bakin titi da bokiti da tsohuwar singileti, kuna cewa ai aikin Zulai ba wani abu ba ne, shafawa ce kawai. To ku saurara, kafin ku jawo wa iyayenku magana.

Babana mai wankin mota ne tun kafin a haife ni. A ƙofar gidanmu yake yi, ƙarƙashin darbejiya, a bakin hanyar da ta nufi Minjibir. Tiyo yake jawowa daga rijiyar burtsatsen maƙwabcinmu, ya feshe mota, ya tayar mata da kumfa, ya ɗauraye. Shekarar da man fetur ya yi tashin nan da kowa ya ji a jikinsa, mai rijiya ya daina kunna janareta sai don ruwan sha, sau ɗaya a yini. Ruwan garuwa kuwa, abin da za ka zuba wa mota ɗaya ya ishi gidanmu girki da alwala na kwana biyu. Ana cikin haka hawan jini ya kayar da Baba, hannunsa na dama ya daina ɗaukar ko buta. Yayana yana Legas. Ni na gama sakandare, ina zaune ina kallon bango.

Baba Modu ne ya kawo maganar, ranar da ya zo dubiya. Abokin Baba ne, asalinsu mutanen Barno, amma a nan aka haifi duk 'ya'yansa. Ya daɗe yana tuƙi a gidan wani attajiri a birni, inda garejin yake a ƙarƙashin bene, babu magudanar ruwa, ko kofi ɗaya ba a yarda ka zubar a ƙasa ba. A can ya koyi wanke mota da rabin bokiti. Shi labari kawai yake bayarwa. Ni kuwa ina bakin ƙofa na ce, “Baba Modu, koya min.”

Baba ya ƙi har mako biyu. Da buhun gero ya kusa ganin ƙasa sai ya kira ni. Ya ce zan yi, amma yana zaune a tabarmarsa yana gani. Sannan ya ɗaga hannun da ke aiki ya ce, “Shekara da shekaru babu wanda ya kawo ƙarata a kan motarsa. Ranar da kika ɓata wa wani fenti, ranar zan rufe wurin nan. Kin ji?”

Na ce na ji.

Motar farko da aka ba ni wata tsohuwar akori-kura ce ta masu ɗaukar gyaɗa. Baba Modu ya ce in ɗauko abin gogewa. Na shiga gida na fito da yagaggiyar singiletin Baba.

“Mene ne wannan?”

“Tsumma.”

“Na ga tsumma ne, 'yar boko. Ni abin gogewa na ce.”

Ya zaro wani tsohon faifan sidi daga aljihunsa, ya hura masa iska, ya goga singiletin a kai sau uku, ya miƙo min ya ce in ɗaga wa rana. Duk ya zanu, kamar inda kaza ta yi tono. Ya ce fentin mota da bayan faifan nan kusan ƙarfinsu ɗaya, abin da ya zana wannan zai zana wancan. Ya ce mu a gidajenmu sai ƙyalle ya mutu muke ba shi aikin goge-goge. A wannan sana'a kuwa, abin gogewarki ya kamata ya fi rigar sallarki samun kulawa.

Ga dalilin, tunda kuna ganin iyayi ne. Mai wanki da tiyo, ruwa ne ke kwashe masa yashi ya kai ƙasa kafin soso ya taɓa mota. Mu ba mu da wannan gatan. Muna da wani ruwan kwalba da mutane ke kira magani, ana zuba murfi ɗaya a rabin bokiti. Ba ya kumfa. Santsi yake sa wa ruwa, ya lulluɓe ƙwayar yashi ta yadda za ta sulale maimakon ta ja layi. Amma dole wani abu ya ɗauke yashin nan daga jikin mota, kuma abin nan shi ne wanda ke hannunki. Idan ya haɗiye yashin ya ɓoye a cikinsa, kin wanke mota. Idan ya bar shi a samansa, kin goge ta da takardar yashi, kina murmushi.

Ranar da muka shiga Kano sayen tawul, sai da Baba Modu ya sa mai shago ya gaji da mu. Irin tawul ɗin nan ne mai laushi da ke kama fatar hannu idan ta bushe, wanda 'yan kasuwa ke kira maikrofaiba. Mai shago ya zubo mana ja, baƙi, shuɗi.

“Ɗauki baƙi, Hajiya, ba ya nuna dauɗa.”

“Shi ya sa ba ma so,” in ji Baba Modu. “Mu dauɗar muke son gani.”

Muka ɗauki ruwan ɗorawa da fari. Mai dogon gashi na jikin mota ne, don yashi ya sami wurin ɓuya. Mai gajeren gashi na gilashi ne. Ko wanne sai ya bi ta kan faifan nan a gaban mai shago, wanda ya zana a mayar. Da muka dawo gida aka ba ni reza, na cire takardar da ke jikin kowanne, na yanke ɗinkin bakinsa, don zaren ɗinkin nan ya fi tawul ɗin tauri. Ana ninka tawul sau biyu, sai ya ba ki fuska takwas. Fuska ɗaya, shafa ɗaya, ki juya. Wanda ya faɗi ƙasa ya gama aikin fenti har abada, ya koma na taya. Na taya kuma ba ya kwana wuri ɗaya da na fenti.

Soso ma akwai. Ba soson wanka ba, ba kuma na buhu da kuke tsefewa ba. Baba Modu ya sayi guntun sabuwar katifa mai taushi, ya tsattsaga fuskarta da reza, layi a tsaye layi a kwance, ta zama gida-gida. Yashi yana shigewa tsakanin tsagin, idan kika matse a cikin bokiti ya sauka ƙasa. Shi wannan a cikin bokiti mai murfi yake zama. Sai abin feshi, na jiƙa ƙura kafin a taɓa ta. Ku sayi sabo. Na san wanda ya ari na feshin gona ya wanke motar haya, ta yi kwana uku tana warin maganin ciyawa, fasinja suna shiga suna fita.

Motar Sani Dogo, direban bas mai zuwa birni, ita ta fi ba ni wahala a farko, ba don dauɗa ba, don bakinsa. Ya tsaya a kaina ya riƙe ƙugu.

“Ina kumfar?”

“Babu kumfa.”

“Wanki babu kumfa? Malam Habu, 'yarka alwala take yi wa motata ko wanka?”

Baba ya ci gaba da sauraron rediyonsa. Na ce, “Idan kumfa kake so, je ka sayi omo ka zuba a baho ka zauna kana kallo. Idan mota kake so ta fita, matsa min.”

Ya matsa. Da na gama ya zagaya ta sau biyu, ya shafa da bayan hannu, ya ce to alwalar ta yi. Tun daga ranar yake ce min Hajiyar Bokiti, kuma shi ya jawo min sauran direbobi.

Amma motocin suna ta raguwa a hanya. Wanda ke kawowa duk mako ya koma duk wata. Masu motar gida suka jingine su, suka koma hawa babur. Daga baya aikina ya zama wanke motar da za a sayar. Irin wannan ita ce mafi hatsari: ta yi watanni a tsaye, ƙura ta daskare a kanta, tsuntsaye sun yi nasu, awaki sun hau sun sauka. Kuma mai ita yana tsaye idonsa ja, don ba da son ransa zai rabu da ita ba. Duk motar da aka turo, sai na dubi tabarmar Baba kafin in jiƙa hannu.

Motar Malam Isa baƙa ce, kuma baƙin fenti ba ya rufa wa kowa asiri. Malam shi ya koya mana lissafi a firamare, da ya yi ritaya ya sayi motar nan, yana tattalinta kamar ƙwai. Injinta ya tsufa, shi ma ya sani. Fentinta ne abin da zai nuna wa mai saye. A kakar nan da muke ciki, ranar wata Alhamis da safe, aka turo ta da hannu har ƙarƙashin darbejiya, don ko ɗigon mai babu a cikinta. Ya ce dillali zai zo daga Kano bayan la'asar.

“Zulaihatu, ke na yarda da hannunki.”

Ranar Laraba na tafi Minjibir karɓo maganin Baba, na bar tawul-tawul ɗina goma a jiƙe. Da na dawo na tarar an wanke su, an ninke, an ajiye min a kan gado. Na ce Inna an gode. Ban duba ba. Ban goga a faifai ba. Wannan laifina ne, kuma ban taɓa ɗora wa kowa ba.

Na feshe bayan motar na bar ta ta jiƙu. Na tsamo tawul ɗaya daga bokiti, na ninka, na ɗora a kan murfin but, wato ma'ajiyar kaya ta baya, na ja sau ɗaya. Na ji wata 'yar ƙara siririya, wadda in ba hannunka ne a kai ba ba za ka ji ba. Na tsaya. Na ɗaga. Da wurin ya sha iska sai ga layi uku a jere, tsawon tafin hannu.

Baba yana tabarmarsa, taku goma daga inda nake, rediyo a kunne.

Na juya masa baya na buɗe tawul ɗin a rana. Ƙaiƙayin gero ne ya cika cikin gashinsa, ƙanana-ƙanana, sun shige har gindi. A tsakiya ga tsinin ƙarangiya guda. Na ɗauko na biyu, haka. Na uku, haka. Duk goma.

Na shiga gida na sami Inna tana tankaɗe.

“Inna, ina kika shanya su?”

“A kan danga mana, inda ake shanya. Me ya faru?”

“Jiya ba a nan aka yi sussuka ba?”

“A nan aka yi, aka shiƙe. To sai me? Ai na kakkaɓe su sosai.”

Kowane zane a gidan nan haka ake masa: a shanya a danga, a kakkaɓe, ƙaiƙayi ya zube. Wannan tawul ɗin kuwa an yi shi ne don ya kama abu ya ƙi saki. Dalilin da ya sa muka saye shi ke nan. Na nuna mata, ta ajiye rariya ta ce, “Innalillahi. Babanki ya gani?”

Na ce tukuna.

Na zauna da allura ina tsince ƙaiƙayi ɗaya-ɗaya. Har hantsi ya ɗaga ban gama fuska ɗaya ba, da na goga a faifai ma sai ga zane. Kano ba ta zuwuwa a dawo kafin la'asar, ga motocin haya sun zama sai an cika ake tashi. Na yafa mayafi na je na taho da Baba Modu. Idonsa ya yi rauni yanzu, da yatsa ya bi layukan. Sani Dogo yana gefe yana jiran fasinja, ya leƙo.

“Hajiyar Bokiti, yau dai a sayi jarka huɗu a yi wankin mutane. Kawo soson buhu in taya ki.”

Na ce, “A kan ƙurar wata biyar? A baƙin fenti? Je ka nemi fasinjanka.”

Soson katifa yana cikin bokitinsa a rufe, ƙaiƙayi bai same shi ba. Na wanki ya samu ke nan. Saura na tsanewa, don idan ruwan ya bushe da kansa a kan baƙar mota, tabo zai bari kamar kyanda. Muka shiga zaure da faifai, Inna tana miƙo kaya ta ƙofa. Atamfa ta zana. Mayafina ya zana. Tawul ɗin wanka ya fi kowanne zanawa. Har tsohon rawanin Baba aka gwada. Faifan ya kusa ƙarewa, muna neman inda bai zanu ba a gefe-gefe. Ina jin awakin gidan Malam suna kuka a can, ina duban inuwar darbejiya tana tattarewa zuwa gindinta.

Inna ta shiga ɗaki ta daɗe. Ta fito da wani ƙunshi a leda, ba a taɓa buɗewa ba. Nafkin ɗin jarirai ne masu laushi, dozin guda, da ta saya ta ɓoye don matar Yayana da ke da tsohon ciki.

“Na jikana ne,” ta ce. “Ku gwada.”

Baba Modu ya goga sau uku, ya miƙo min in duba masa. Babu zane. Ya ce in sake da kaina, da ƙarfi. Babu. Na sa reza na yanke ɗinkin bakin duk goma sha biyun, Inna tana tsaye tana kallo.

Ban taɓa wanke mota a hankali kamar wannan ba. In fesa, in jira, in ja soso sau ɗaya ba dannawa, in tsoma a bokiti in matse. Nafkin kuwa ba a jan sa, ɗorawa ake yi ya sha ruwa a ɗaga. Daga rufi zuwa ƙasa, gefen da ke inuwa tukuna. Duk shafa ɗaya sai na sunkuya na kalli wurin ta gefe. Aka kira azahar ina ƙofar baya. Na yi salla na dawo. Da na gama, mutum yana ganin ganyen darbejiya a jikinta ɗaya-ɗaya.

Layukan nan uku kuwa suna nan. Baba Modu ya sa na shafa man goge baki da ɗan yatsa a hankali, biyu suka dusashe. Na ukun, na ƙarangiya, ya sa farce ya ja a kai.

“Farce ya kama. Wannan ba ya fita.”

Sani Dogo ya rage murya. “A juya bayanta ga bango. Ko a ɗan shafa baƙin man takalmi, wa zai sani?”

Na ce ni zan sani, kuma dillali ba makaho ba ne.

Malam Isa ya iso da farin kaftaninsa na Juma'a. Kafin ya gama yabo na ce, “Malam, zo ka ga.” Na nuna masa. Ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya daɗe a sunkuye.

“Zulaihatu, da ba ki nuna min ba, da idon nan nawa ba zan gani ba.”

“Mai saye zai gani, Malam. Gara ka ji daga bakina.”

Da dillalin ya iso bayan la'asar, ya gani kuwa. Fitilar wayarsa ya kunna ga rana ba ta ko faɗi ba, ya bi jikin motar, bai yi minti biyu ba ya tsaya a wurin but. Ya ɗaga murya yadda duk bakin titi za su ji, ya ce sai an sake wa murfin fenti, ya ce wa ya ba mace wankin mota, ba ruwa ba kumfa. Ya riƙe wannan layi ɗaya ya yi ta murɗa Malam da shi, har Malam ya sallama a ƙasa da abin da ya sa rai. Aka zuba mata mai a galan, aka tafi da ita. Malam ya yi wa Baba sallama, bai ce komai a kaina ba, ya tafi gida a ƙasa.

Baba ya kashe rediyo.

“Zulai, shigar da bokitin.”

Na shigar. Washegari ya sa aka ɗauke bencin direbobi daga ƙarƙashin bishiyar. Inna ta so ta ce ita ce, na hana ta. Ni ke da faifai a aljihu, ni na ƙi amfani da shi.

Kwana tara ina zaune. Ina jin motoci suna rage gudu a ƙofar gida, su ga babu kowa, su wuce. Ina jin abin da ake faɗa a gari. Sai na shiga lissafa motocin da na sani a jingine a cikin gidaje, waɗanda ba za su iya zuwa wurin wanki ba ko da yana buɗe, don babu man da zai kawo su. A unguwarmu kaɗai sun fi yatsun hannu. Aikin nan kuma ba ya buƙatar rijiya, ba ya buƙatar magudana. Duk kayansa suna hawa kai.

Ranar ta goma na kai wa Baba koko da safe, na durƙusa ban tashi ba.

“Baba, wurin ka rufe, ko hannuna?”

Ya sha koko har rabi bai dube ni ba.

“Me na ce ranar?”

“Ka ce za ka rufe wurin nan.”

“To abin da na ce shi na yi.” Ya ajiye ludayi. “Kada ki shiga gidan da babu mace a ciki. Kuma kafin la'asar ki dawo.”

Ranar Asabar zan shiga Kano. Zan sayo sabon tawul goma, da sabon faifai, da akwatin ƙarfe mai kwaɗo wanda mabuɗinsa zai zauna a wuyana, da dozin ɗin nafkin da zan mayar wa Inna kafin a haihu. A ɗaki zan riƙa shanya, ƙofa a rufe. Ranar Litinin zan fara da gidan ungozomar asibitinmu, wadda farar motarta ke tsaye a tsakar gida tun damina. Ban sani ba ko za ta bar ni in taɓa ta, don labarin ya riga ni shiga kowane zaure. Zan gaya mata yadda aka yi da bakina. Idan ta ce to, kafin in buɗe akwati sai na tambaye ta ko sun gama shiƙa.